Kilishina da Ka Kai Nepal

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar ranar Makka, ruwan randata bayan hawan dutse, Lurwanu, wanda zuciyata ta zaɓa ba tare da ta yi shawara da ni ba. Sallama da gaisuwa mai tarin yawa, wadda ta fi tattabarun Harami, daga unguwar Mansur zuwa duk lungun da kake yau, ko Indiya ko Nepal, tunda kai ba a san maka mazauni ba.

Ya habibi, ina gajiyar zawarcin 'ya'yan mutane? Kada ka ɓata rai, ai sunan aikin ke nan. Jami'ar da ta koyar da kai a Indiya ta ga bakinka da zuma, ta riƙe ka, ta ce tsallaka Nepal ka lallaso mana ɗalibai. Ga ka nan gari gari kana yi musu alƙawarin ɗakin kwana mai fanka da malamai masu haƙuri, kana cewa ba ruwansu da biza, mota kawai za su hau su tsinci kansu a aji, ranar da kewar gida ta taso su dawo su ci shinkafar uwarsu da miyar wakensu na adas. Na kalli bidiyon da ka turo, kana zuba Hindi kana dafa ƙirji. Ni da ko kalma ɗaya ba na ji, wallahi saura kaɗan in ɗauki jakata in bi layi.

Da ma tun a Mina ya kamata in gane halinka. Ka tuna shekarar da muka yi aikin nuna wa alhazai hanya? Rana tana narka kwalta, ga lema ɗaya a hannunka, ga ni a gefenka ina zufa, sai ka ɗora ta a kan wata tsohuwa 'yar Nepal da ta ɓata, ka raka ta har tantinsu kana ba ta dariya. Ka dawo ka ce min baƙo ake fara yi wa. Na harare ka, na kuma so ka a wurin nan take, don haka ba ni da wanda zan kai wa ƙara.

To amma, hasken raina, zo mu yi maganar kilishi.

Ni Abir, da hannuna na yanka naman nan siriri har ana hango rana ta cikinsa. Na shanya shi a saman gidanmu, na zauna gadinsa da tsintsiya saboda magunan Mansur, waɗanda ka san ba su da kunya ba su da tsoron Allah. Na dama labu da ƙuli da citta da kanumfari, na gasa, hayaƙi ya sa ni kuka, Umma tana ta tambaya wane mai rabo ne. Na ba abokinka Talal ya kai maka, ina ta saƙa yadda za ka ɓalla ka tuna da ni. Ashe ko buɗewa ba ka yi ba. Talal ya faɗa wa ƙanwarsa Nora, Nora kuwa ka san cikinta ba ya riƙe ko ruwa.

An ce ka naɗe shi a takarda mai ƙyalli, ka nufi wani gida a Nepalgunj inda ake da yarinya mai son karatun haɗa magunguna, ubanta kuma yana ɗari-ɗari da sakin ta zuwa wata ƙasa. Ka miƙa masa da hannu biyu, wai tsarabar garinmu. Dattijon ya sunsuna, ya tambaya naman mene ne. Kai kuma ɗan Mansur, jikan masu tsire, ka buɗe baki da alfahari ka ce zallar naman shanu ne, ba gauraye. A gidan mabiya Hindu, Lurwanu! Mutanen da suke rataya wa saniya furanni suna girmama ta kamar uwa. Duk zaman da ka yi a Indiya, ina ka ajiye hankalinka a ranar? An ce matar gidan ta ja 'yarta ciki, kai kuma ka fito da kilishi a hammata kana neman takalminka. Na yi dariya har Umma ta leƙo ko aljanu ne. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Sai dai Nora ta ƙarasa labarin, kuma ƙarshensa ne ya katse min dariyar. Wai ba ka yi zuciya ba. Ka koma, ka cire takalmi, ka zauna a ƙasa ka ba da haƙuri. Ka sake komawa. Ka sha shayinsu mai madara da ka tsana, ka saurari duk tsoron da uba yake ji, wa zai kula da ita, me za ta ci, wa za a kira idan ta yi zazzaɓi. Har dattijon ya yi dariya ya ba ka 'yarsa, wato ya ba jami'arku, kada kanka ya kumbura.

Ashe ka san hanyar ƙofar iyaye? Ashe gwiwarka tana lanƙwasuwa? To ni Ummata fa, ya turaren zuciyata? Ba ta taɓa ganin takalminka a bakin ƙofarta ba. Muryarka kawai take ji tana fita daga wayata, shi ya sa take kiran ka mutumin rediyo. Gwaggon wani Sufyan mai neman aurena, daga unguwar Shisha, ta fara zarya gidanmu, kullum da farantin ma'amul, biskit ɗin nan mai dabino a ciki, tana yaba shayina tun kafin ta kurɓa. Umma ba ta matsa min ba, kuma ba za ta matsa ba. Jiya dai ta zaunar da ni ta ce in akwai mutum a bayan muryar nan ya fito, ita ta gaji da sallamar baƙi da murmushi. Na roƙe ta ta ba ni zuwa bayan aikin Hajji. Ta ba ni, ta kuma ce daga nan ba za ta ƙara rufa min ba.

Ga shi Talal ya ce jami'ar tana so ka ƙara wasu shekaru a can. A nan tsokanata ta ƙare. Tsoro nake ji, Lurwanu. Ina tsoron in ce wa Sufyan a'a, wanda zan ce ko ka zo ko ba ka zo ba, sannan in zauna in tsufa ina kallon bidiyonka. Kewarka tana hana ni jin daɗin abinci, ni da ka san ba na wasa da ciki.

Ban ce ka bar aikin ba. Aiki ne mai kyau, yaran nan suna samun ilimi a kusa da gida, iyayensu suna barci da ido biyu rufe. Ka karɓi ƙarin shekarun in kana so. Amma ka fara zuwa Mansur da kawunka, ka zauna gaban Umma, ka amsa mata tambayoyin da ka amsa wa dattijon Nepalgunj, don su ɗin za ta yi maka. Wa zai kula da ita, me za ta ci, wa za a kira. Ka iya amsar, na sani. Kana shan wuya kafin ka shawo kan ɗalibi ɗaya ya tsallake iyakar da ake tsallakawa a ƙafa, alhali ga wata a nan da za ta tsallake teku ta bi ka, ba wanda ya tambaye ta.

Taka ce ni, yau da gobe da ranar da haƙora za su zube, ko ka cancanta ko ba ka cancanta ba,

Abir