Baƙin Babur Marar Lamba da Allurar Usta

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karatu. Ku ɓoye sunana. Ba ni da dogon karatu, tun a firamare na bari, ku karanta yadda ya zo. Mai niyyar zagina ya dakata sai ya kai ƙarshe, don Allah.

Ni Bahaushe ne mutumin Gadarif, gari na masu jin Larabci. Nan aka haife ni, nan aka haifi ubana, amma har na yi furfura ana tambayata daga ina na zo. Rayuwata duk a kan babur na yi ta. Na farko tsoho ne ɗan Japan, da yankan riɗi a gonakin Ƙala'at an-Nahal na saye shi, sai an tura yake tashi. Na biyu ja ne ɗan China, da shi nake kai albasa Gallabat, garin kan iyaka. Kowane shingen sojoji sai an tsayar da ni, a kira ni da sunan da suke kiran irinmu Hausawa: "Sauka ya Fallati, ina takardar jinsiyyarka ta ɗan ƙasa?" A zazzage mini buhu a ƙasa, in durƙusa ina tsintar albasa, soja sa'an ɗana yana dariya. Na uku baƙar lakar damina ce ta kashe shi. Duk ukun mutum ɗaya ne ya riƙa ta da su in sun mutu, bakaniken unguwarmu, abokina tun muna samari. Zan kira shi Usta.

Na huɗu shi ne masifata. Baƙi ne, dogo, ba lamba, a hannun wani dillali na same shi da araha. Ranar da na kai wa Usta ya zagaya shi, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Ya zol, mutumina, ka san su wa ke hawa irin wannan a garin nan? Mutanen amni, 'yan tsaron farin kaya. Je ka yi masa lamba, ko ka bari in fesa masa kore." Na ce sai wani mako. A makon nan na isa shingen da aka saba wulaƙanta ni, kafin in taka birki an sauke igiya, har da ɗaga mini hannu. Kun san yadda na ji? Ni da ake zubar wa albasa? Wallahi ban taɓa buɗe baki na ce ni ɗan amni ne ba, amma na sayi baƙin tabarau, na rage dariya. Mai shayi ta daina karɓar kuɗina. In na zauna a majalisa hira ta koma kan ruwan sama da farashin dawa. A gidan mai mutane na gasuwa a layi, ni in wuce gaba a cika mini tanki. Na ji daɗi. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi ƙwarai.

Usta kaɗai ya san ba komai ba ne ni. In na je garejinsa sai ya ƙame ya sara mini da sifana: "Janar ya iso! Janar, baƙin manka ya ƙone, ka zo da na sauyi ko shi ma gwamnati za ta biya?" Amma bai taɓa tona ni ba, ko ga matarsa. Ya ce, "Kai da Allahnka."

Sai wahalar mai ta yi tsanani. Usta ya wuni a layi da jarka, ga shi da ciwon sukari, ya fusata ya faɗi maganganu a kan masu mulki da ƙarfi, kowa na ji. Washegari da hantsi wata a-kori-kura marar lamba ta tsaya a ƙofar gareji. Ina tsallaken titi zaune a kan baƙin babur, da tabarau, kofin shayi a hannu. Suka fito da shi hannunsa duk baƙin mai. Ya dube ni. Ban motsa ba. Me zan ce musu? Ni wa? Amma jama'a sun gan ni a wurin, kuma yanzu rabin unguwa na raɗa cewa ni na nuna shi.

Matarsa, Hajja, ba ta yarda da raɗar ba, kuma da ta yarda da ya fi mini sauƙi. Ta zo gidana da filas na shayi cike da ƙanƙara, kwalaben allurar sukarinsa a ciki. Ta ce, "Yaya, ban taɓa tambayarka aikinka ba, yau ma ba zan tambaya ba. Kai dai ka kai masa wannan. In ya rasa ta ka san abin da ke biyo baya." Bakina ya buɗe don in gaya mata gaskiya, sai na ji na ce, "Halas, shi ke nan Hajja, bar mini." Me ya sa? Matata na tsaye, maƙwabta na leƙe ta katanga. In ce musu shekarun nan duk tabarau ne kawai?

Na gwada, Allah shaida. Na je ƙofar wani gida mai dogon bango da ake cewa nan ake ajiye mutane. Mai gadi ya dubi babur, ya dube ni, ya ce, "Kai na wane ofishi ne? Ban san fuskarka ba. Ina lambar wannan?" Na ce ɓatan hanya na yi, na juya, ban tsaya ba sai bayan kasuwar hatsi. Na ɓoye kwalaben a jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin randarmu, na mayar wa Hajja filas ba komai. Ta ce, "Ka gan shi? Ya ce me?" Na ce, "Ya ce ki daina kuka, kuma a kula da awaki." Ta yi dariya tana share hawaye, ta ce, "Shi ne kam, shi da awakinsa." Tun daga nan take kawowa, ni kuma ina ƙirƙiro mata saƙo.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Ƙaninta ya samo wani dattijo da ya san manya da gaske, wanda ya taɓa fito da mutane. Hajja ta hana ƙanin nata zuwa wurin dattijon. A gabana ta ce masa, "Kai, zauna! Yaya yana ciki, kada ka je ka ɓata masa aiki." Na sunkuyar da kai kamar mai tawali'u. Ni ban san inda Usta yake ba. Ban san ko yana ci ba, ban san ko yana numfashi ba. Mutumin da ya rufa mini asiri, ni ne na tare masa hanya ɗaya da ta rage.

In na faɗi gaskiya magana za ta zaga unguwa kafin magariba, ta kai kunnen waɗancan mutanen cewa wani Bahaushe ya daɗe yana shan mai da sunansu. Ba shinge za su sauke mini ba wannan karon. Ina da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba. In kuma na yi shiru, Usta fa?

Yau da safe matata ta ɗaga randa za ta wanke. Da na fito na tarar da kwalaben jere a kan kujerar babur, rana na dukansu. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Hajja ta aiko, bayan la'asar za ta kawo filas. Ko ka gaya mata da bakinka, ko in ɗauki waɗannan in kai mata a faranti."

An kira azahar tun ɗazu, ina zaune a wata rumfa a kasuwa ina rubuta muku wannan a waya, babur a gefena. Kada ku ce in yi istigfari, ina yi, bai kai wa kowa allura ba. Ku gaya mini yadda zan dubi matar nan, da yadda za a kai ga Usta tun yana da rai. Jama'a, me zan yi?