Yayana ya kashe Inna da baki a rediyo

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi abin ya fi ƙarfina.

Ni ɗan Jibiya ne, hatsi nake saya ina lodawa zuwa Maraɗi. Mu biyu Inna ta haifa, ni da Yayana. Shi ya yi boko, ya shiga aikin gwamnati ɓangaren jiragen sama, tun yana ƙaramin ma'aikaci mai korar shanu daga hanyar saukar jirgi har ya kai darakta. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi aiki, garuruwan da da sai dai su hango jirgi a sama yau yana sauka a ƙasarsu da hannunsa a ciki. Inna kuwa duk jirgin da ya gifta ta saman gidanmu na Gangara, nan kusa da Jibiya, sai ta ajiye abin da take yi ta ɗaga kai ta ce Allah ya kai jirgin ɗanta lafiya. Ba ta taɓa shiga ba, ko katangar filin jirgi ba ta taɓa gani ba, kullum sai ya ce mata sai an natsu.

To yanzu zai yi ritaya, ana shirya masa gagarumin biki a Katsina, aka yi hira da shi a rediyo. Ina tasha muna lodi na ji da kunnena yana cewa shi maraya ya tashi, ba uwa ba uba, mahaifiyarsa ta rasu tun yana goye, Allah ya ji ƙanta. Innalillahi! Matar da ta yi ta dakan fura tana kai wa direbobi bakin boda don ya samu takalmin makaranta! Na baro lodin na hau mashin, ina isa gida na zare batir ɗin rediyonta na ce ta lalace.

Ashe ba a nan maganar ta tsaya ba. Rediyo ba ta san boda ba. Ƙanwar Inna, Iya Hajo, da ke aure can cikin Nijar, wani ya kai mata rabin labarin cewa Yaya ya yi wa Inna addu'ar mamaci a rediyo. Sai ga ta a tasha ta sha kuka ido ya kumbura, da ƙullin geron sadaka a ka, ta zo gaisuwar mutuwa. Allah ya sa ni ta fara gani. Da na faɗa mata gaskiya zama ta yi a ƙasa daɓas, ta ce gara a ce mutuwar ce. Yanzu haka tana gidan abokina na ɓoye ta, ta rantse in ban faɗa wa Inna ba ita za ta faɗa.

Na kira Yaya na ɗauka zai ji kunya. Ina! Dariya ya yi, ya ce ni matsalata ƙauyanci, wai tun farkon aikinsa haka abokan aikinsa suka san shi, ba zai canza labari ranar biki ba, kuma labarin maraya ya fi shiga zuciya. Ya ce in lallaɓa Iya Hajo ta koma, kuma kar in kuskura in kawo Inna wajen taron, in ce mata an ɗaga. Na ce masa tir, na ce ko akuya ta san wadda ta shayar da ita. Ya kashe waya.

Ga inda nake. Inna tana da hawan jini, likita ya ce a kiyaye mata ɓacin rai. In na yi shiru, na zama abokin ƙaryarsa, kuma Jibiya ba a ɓoye magana, wata rana a bakin rijiya za ta ji. In na faɗa, ina tsoron ranar da Iya Hajo za ta buɗe geron nan da gaske.

Inna kuma ba ta san komai ba. Ta ba da ɗinkin sabuwar atamfa ta zuwa bikin, ta sa an yi mata lalle, jiya ta ce mini ita ba sai ta hau ba, in dai ɗanta zai riƙe hannunta ya kai ta ta shafa jikin jirgi ɗaya ya ishe ta. Yau da safe ta sake tambayata yaushe za mu tafi.

Jama'a, me zan ce mata?