Inna, Mun Yi wa Dokar Asibiti Anko

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna mai man gyaɗa, a makwancinta na Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda kika koya mini, ina roƙon Allah ya yalwata miki kabari, ya sa kina cikin ni'ima. Ni ce Kande, daga unguwar Edmonton a Landan. Na san babu fasinjan da zai kai miki wannan takarda. Yaran nan ɗalibai 'yan Arewa zan ba, su buga ta a 'yar jaridarsu, wanda ya karanta ya yi miki addu'a.

Inna, hankalina ba a kwance yake ba. Surukinki Malam ba shi da lafiya. Kin rasu yana karatun akawu. Ya gama, ya kama aiki a gidan waya, muka sami ɗaki a gidajen council, wato na ƙaramar hukuma, ni kuma na ci gaba da sarin leshi ina aikawa gida. Sai ƙafafunsa suka fara kumbura. Muka ce sanyin ƙasar ne. Ashe ƙodojinsa ne duka biyu suka ajiye aiki.

Akwai wani inji a asibitin gwamnati da ke janye jinin mutum ya wanke ya mayar masa. In Malam ya ɗan kwana biyu bai hau shi ba, fuska ta cika, numfashi ya koma sama-sama. Likita ya gaya mini gatsal, irin faɗar Turawa, cewa in babu injin nan babu Malam.

Kin san 'yarki. Ranar farko na ja likitan gefe na tambaye shi nawa ne, don in san inda zan fara tayawa. Ya ce ba a biya. To ni a kasuwa na girma, in aka ce mini ba a biya sai in ƙara riƙe jakata. Na koma masa da turare da yadin shadda a ƙunshe, na ce na uwargidansa ne. Ya ja da baya kamar garwashi na miƙa masa.

Rifkatu, wata nas 'yar Kafanchan da ke aiki a ɗakin, ita ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce doka ce. Duk mai aiki a ƙasar nan ana cire masa wani abu a albashi, kamar zubin adashe, sai dai wannan ba bi da bi ake kwasa ba. Wanda ciwo ya kayar shi ke kwasa. Malam ya daɗe yana zubi yana mita, bai san kansa yake tara wa ba.

Yanzu wasu 'yan majalisa sun taso suna so a warware dokar, ko a ƙalla a fitar da baƙi irinmu daga cikinta, kowa ya je ya sayi inshorarsa wurin kamfani. Ni ba na sayen magana a bakin mutane, sai na je wani kamfanin da ƙafata. Yarinyar da ke kan teburi ta yi mini murmushi, ta ce ba sa karɓar wanda ciwo ya riga ya kama. Ban ga laifinta ba. Ni ma ba na sarin leshin da asu ya ci.

Hujjar 'yan majalisar nan man fetur. Wai 'yan Najeriya sun yi kuɗi, kowa da rijiyar mai a bayan ɗakinsa, me ya sa za su sha magani da gumin Turawa? Ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Ni ke raka matan manya kantuna in sun zo, na ga wadda ta sayi gwal ta manta shi a tasi, ba ta ko koma nema ba. Amma waɗannan ba sa bin layi a asibitin gwamnati, likitocin kuɗi suke gani. Ɗanki Yaya Sani, da ya zama ɗan kwangila yanzu, ya aiko wai mu tattara mu dawo, arziki ya sauka a gida. Arziki ya sauka, Inna, injin ne bai sauka ba. Ko ya sauka, ina wutar da za ta riƙe shi har a gama wanke jinin mutum?

Abin da ya ba ni mamaki, talakawan garin nan ba su yarda ba. Maƙwabciyarmu Doris, tsohuwar Baturiya mai ciwon gwiwa, ta ba ni labarin ɗanta da ciwon maƙogwaro ya kashe tun kafin a yi dokar. Sun tsaya jira ko zai ji sauƙi, don likita a lokacin sai da kuɗi. Ba ta yi kuka ba da take faɗa. Hularta ta gyara, ta ce za a yi gangami a gaban ofishin council, kwandastocin bas za su zo, da magina 'yan Ailan, da Turkawa masu ɗinki, da nas-nas 'yan Jamaika. Ta ce in zo da mutanena.

To Inna, ke kika raine ni. Ina tuna ranar da gyaɗa ta yi tsada, tukunya ba ta hau wuta ba a gidanmu, aka ce akwai suna a gidan liman. Kika ciro zanenki na ƙasan adaka, kika sa kwalli, kika shafa mana mai a baki. Muka je muka dawo, babu wanda ya san da yunwa muka tafi. A hanya kika ce mini, "Kande, in za ki shiga taro, ki shiga da kayan da za a tashi a ba ki kujera."

Saboda haka da aka ce taro, sai na fitar da anko. Leshi ruwan zuma, mai ƙananan duwatsu, da ɗankwali mai tsayuwa. Na ba matanmu da sauƙi. Riba akwai, ba zan yi miki ƙarya a kabari ba, amma ba ta kai a faɗa ba. Matan ɗalibai suka ɗinka, masu sharar ofis suka ɗinka, marar gwal ta aro.

Ranar ta zo da yayyafi. Turawa sun fito cikin tsofaffin kwat, wasu da sanduna, wasu a keken guragu. Mu kuma muka sauko daga bas kamar masu kai amarya. Doris ta kalle ni daga sama har ƙasa. Mai ɗaukar hoto na wata jarida ya tsallake duk tsofaffin nan ya nufo mu. Mu kuwa muka gyara ɗauri, muka jeru, muka yi masa murmushi. Har na ce wa wata ta tura hannunta gaba a ga awarwaro.

Hoton ya fito ƙato. Abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa, a taƙaice, wai ga matan masu arzikin mai sun fito neman maganin kyauta. Matar da ke tsakiya, mai awarwaron, bayan gida take wankewa a wani ofis, kuma awarwaron na matar ƙanin mijinta ne. Wa zai bi gida-gida ya yi wannan bayani? Tun ranar, a ɗakin jira na asibiti akwai waɗanda muke gaisawa da su da, yanzu jarida suke ɗagawa su rufe fuska. Ga takardar zamanmu za ta koma ofishin shige da fice na Croydon a sabunta kafin sanyi ya shigo, ni kuma ga fuskata a sahun gaba.

Ba cewa nake kin koya mini kuskure ba. A Gusau rufin asiri shi ne jarin mace, da shi kika aurar da mu. Amma nan wata kasuwa ce, na shigo ta da mudun gida. Mutanen nan sai sun ga ciwo da idonsu suke yarda akwai shi. Kuma tun da abin nan ya faru nake tuna yadda kika yi wata da watanni kina riƙe ciki kina ce mana shawara ce, kina tashi ki yi kwalliya in an zo dubiya, har ranar da tashin ya gagara. Da kin bari mun gani da wuri, Inna. Ban taɓa gaya miki wannan ba, yau na faɗa.

Ranar Asabar mai zuwa ɗan majalisar mazaɓarmu zai zauna a zauren coci ya saurari jama'a, kuma an ce har yanzu bai tsayar da inda zai jefa ƙuri'arsa ba. Doris da Rifkatu suka ce Malam ya kamata ya tsaya a gabansa, ma'aikacin gidan waya mai biyan haraji, ba hoton jarida ba.

Kin san surukinki. Mutumin da abokansa in sun zo dubiya yake ce musu mura ce. Ya ce shi ba zai tsaya gaban mutanen da bai sani ba yana tona wa kansa asiri. Na yi duk dabarun da na iya. Na lallasa, na yi fushi, na kawo masa zancen yaranmu. Har na yi irin ta mai ciniki, na juya na kama hanyar ƙofa ina jira a kira ni. Bai kira ni ba.

Jiya da la'asar yana zaune bakin taga, ya hango Doris a benen da ke kallonmu. Tana hawa matakala tana hutawa, tana buga ƙofofi tana gayyatar mutane, ledar ruwan sama a kanta. Ya tambaye ni ita kuma wa take yi wa wannan wahalar. Na ce ɗanta ya tafi tun tuni, mijinta ma ya bi shi, ba ta da kowa a asibiti. Ya ci gaba da kallonta. Ko abinci bai ci sosai ba.

Yau da safe ya ciro farin kaftaninsa na Juma'a, ya ajiye mini shi a cinya da almakashi. Ya ce in yanke hannun hagu har saman gwiwar hannu. Nan ne wurin da ake soka masa allurar injin, jijiya ta kumbura ta yi kamar igiya, tabo a kan tabo. Ko yaranmu ba su taɓa gani ba, don dogon hannu yake sawa ko ana zafi. Ya ce, "Ni ba zan yi magana ba, ke ce mai baki. Ni hannu kawai zan ɗaga."

Na yanka yadin da ba zan iya ƙirgawa ba a rayuwata, ban taɓa karkacewa ba. Wannan ya karkace, Inna. Haka na kalmashe bakinsa, bai ce in gyara ba.

Ina jin tsoro. Turancina na ciniki ne, na iya "ya yi tsada" da "rage mini", ban san ko zai ɗauki wannan kaya ba. Ina tsoron in buɗe baki kuka ya riga magana fita. Ina tsoron ɗan majalisar ya gyaɗa kai, ya duba agogo, ya tafi ya yi abin da ya riga ya ƙudura. In haka ta faru, na fitar da mijina gaban duniya kuma ban sayo masa ko kwana ɗaya ba.

Ki yafe mini, uwata. Za mu fita mu nuna abin da kika koya mana rufewa, don ina so jikokinki su girma da ubansu a gida.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya haɗa mu a inda babu ciwo. Allah ya ba Malam lafiya, ya saka wa tsohuwar nan da ta tsaya mana. Allah ya kwance mini harshe ranar Asabar, ya sa mijin nan nawa mai kunya kada ya ɗaga hannunsa a banza. Amin.

'Yarki mai kewarki kullum,
Kande mai leshi,
Edmonton, Landan.