Na Sallama, Kwashe Kayanki

Zuwa ga Gimbiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Yayanki da matarsa da yaran gidan baki ɗaya. Yaya ciwon ƙugun nan? Ina fatan kin tafi da man shafawar, don na duba saman firij ban gan shi ba. Idan kin tambayi tawa lafiyar, ina tsaye da ƙafafuna, iyakar abin da zan iya cewa ke nan.

Na koma ga biro da takarda ne saboda kin toshe lambata. Na ari wayar Mai Agogo, maƙwabcin shagona, kina jin muryata kika kashe. Ƙanwarki Auta ta yarda ta kawo miki wannan, bayan ta zaɓi kula mai ruwan zinare a matsayin ladan ƙafa. Ranar da Auta ta shigo kasuwa, mu sai dai mu rufe shaguna.

Gimbiya, ki karanta a zaune. Wallahi tallahi ba da ke nake ba.

Ga yadda aka yi. Ranar, wata mata mai jan mayafi ta shigo tun da hantsi, ta sa na sauko da rabin shago: tukwane, faranti, kuloli, har da injin markaɗe. Ta taya, na ce albarka. Ta ƙara kaɗan, na ce albarka. Ta fita har bakin layi ta dawo. Ana cikin haka kika kira. Na maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa kamar kullum, muryarki tana shiga, idona kuma yana kan hannun matar, don ta fara zuge jaka. Idan mace ta zuge jaka ciniki ya nuna, ka yi sake ya ruɓe. Ta faɗi tayinta na ƙarshe, ni kuma na ɗaga murya saboda hayaniya na ce: “To, na sallama! Kwashe kayanki ki tafi, kin gajiyar da ni!” Sai na ji ƙit a kunnena. Na ɗauka katinki ne ya ƙare.

Da na dawo da yamma na tarar da durowa a wangale, maratayan kaya suna lilo babu komai a kansu, keken ɗinkinki ma babu. Amma kin bar min abinci a tukunya, a rufe, da cokali a gefe. Wannan ya fi komai kashe ni.

Na san abin da kika kira ki faɗa, ba sai an gaya min ba. Maganar teku ce. Shekara da shekaru kina taya tafiyar nan ina cewa albarka: sai kaya sun iso, sai kasuwa ta buɗe, sai 'yarmu ta gama jarrabawa. To, ita ma yau na sallama, kuma wannan karon da ke nake.

Na je ofishin Mai Tikiti da ke saman bene, inda sanyin na'ura ke sa mutum ya manta da taya farashi. Ya juyo min da kwamfuta ya nuna min wani tsibiri. Gimbiya, yashin fari fat kamar an tankaɗe shi. Ruwan kuma shuɗi ne irin na faranti masu tsadar nan da na hana ki ɗauka. Bishiyoyin kwakwa sun sunkuyo kamar suna gaishe da ruwan. Akwai ɗaki mai baranda, kina buɗe ƙofa sai teku, ba maƙwabciya, ba igiyar shanya. Na ce ya riƙe mana kujera biyu, ta taga taki.

Abin da ya rage ki zo a ɗauke ki hoton fasfo, ki dangwala yatsa. Ba sai kin yi min magana ba. Ki sa koren mayafin nan, ki haɗe rai yadda kike so, ai a hoton fasfo dama ba a murmushi.

Ki gaishe da Yaya da kyau.

Naki har kullum,
Mai Kwanuka


Zuwa ga Gimbiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina sake gaishe ki. Da fatan kin tashi lafiya, ƙugun kuma ya yi sauƙi. Auta ta ce kin karanta takardata har ƙarshe, sannan kika ɗora kofin shayi a kanta. Na gode. Ko banza ta yi amfani.

Na je wurin Yaya, kin dai ji muryata a falo. Ya bar ni a tsaye kamar na zo karɓar beli. Na ce masa na tambayi liman, liman ya ce maganar da ba a nufi mace da ita ba ba ta taɓa aure. Yaya ya ce liman ya yi gaskiya, amma niyya a ciki take, shi kuwa duk shekarun da ya yi yana aikin ɗan sanda bai taɓa ganin cikin mutum ba, shaida ya sani. Ya ce, “Malam Mai Kwanuka, kai da ka sayar min da tukunyar da ka ce ba ta kama abinci, ta kama tun ranar farko, ni zan ɗauki rantsuwarka? Kawo matar da ka yi cinikin da ita.”

Ina zan samo ta, Gimbiya? Ban san sunanta ba, ban san unguwarsu ba. Na bi masu baro ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a ƙofar kasuwa ina leƙen duk mai jan mayafi, har wata ta ce za ta tara min jama'a. Mai Agogo yana cewa da mutane na samu taɓin hankali, kuma ban ga laifinsa ba. Jiya wani ya taya butar shayi ƙasa da yadda na saro ta, na buɗe baki in ce na sallama, kalmar ta ƙi fita. Sai na ɗaga masa kai kamar kurma.

Shirin tafiya kuwa bai tsaya ba. Na sayo akwati mai taya, da babbar laima, da tabarau baƙi guda biyu. Na tambaya ko akwai gefen da mace za ta shiga ruwa da suturarta ba tare da idon jama'a ba, aka ce akwai. Akwai kwalekwale mai gindin gilashi, kina zaune kina kallon kifi a ƙarƙashin ƙafarki. Kin san ni da ruwa, ko gada muke hayewa rufe ido nake yi, amma na ce a rubuta mu. Idan ya kife, ya kife da ni kusa da ke. Na kuma tabbatar otal ɗin waya tana kamawa har cikin banɗaki, don kada harkar shago ta tsaya. Da na gaya wa Auta wannan, sai ta dube ni tun daga hula har takalmi ta ce, “Allah ya shirye ka.” Ban gane laifin da na yi ba.

Mai Tikiti ya ce ba zai iya riƙe kujerun ya wuce ƙarshen mako ba, masu so suna da yawa. Na san wannan magana, ni ma da ita nake cin abinci, amma yau da aka yi min ita sai da ta ci ni. Ga 'yarmu ta kusa dawowa hutu daga makarantar kwana. Ta kira tana tambayarki, na ce kina wanka. Ta sake kira, na ce kina wanka. Ta ce, “Baba, Mama kifi ta zama?” Me zan ce mata ranar da ta ajiye jaka ta ga inda keken yake babu keke?

Saƙonki ya iso. Auta ta ce kin ce ba ki son akwati, ba ki son laima, in dai faɗi abin da kika ce a wayar kafin in ba ki waccan amsa. Na ce maganar teku ce mana. Ta yi wata dariya wadda ba ta da daɗi. Na ce to kuɗin makaranta. Ta girgiza kai. Na ce gas ne ya ƙare. Ta miƙe. Na jawo jerin tukwanen nan masu murfin gilashi na ajiye a gabanta, na ce ta ɗan buɗa min ko kalma ɗaya. Gimbiya, Auta ta ƙi kaya. Tun da na san ta ban taɓa gani ba. A nan ne tsoro ya kama ni sosai.

Ina roƙonki don Allah, ki rage min. Ki faɗi rabin maganar, ni in cika. Ba na iya cin abinci, ba na iya ciniki, gidan nan ko cokali na ajiye sai ya amsa.

Naki, mai jiran rangwame,
Mai Kwanuka


Zuwa ga Gimbiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Yau gaisuwata gajera ce, ki yi haƙuri.

Kina bayan labule, kin ji abin da aka yi a falon Yaya. Amma ba ki san yadda na samo matar ba, kuma ba ki ga fuskata ba, don haka bari in rubuta.

Ba ni na same ta ba, ita ta same ni. Injin markaɗen da na sayar mata ne ya ƙone, ta shigo da shi a hannu tana kirana ɓarawo tun daga bakin layi. Ban taɓa murnar kayana sun lalace ba sai ranar. Na ba ta kujera, na sayo mata ruwan sanyi, na gaya mata halin da nake ciki. Ta ce za ta je, amma da sabon inji, babba, ba irin wancan ba. Ban ko taya ba.

A mota ina ta murna ina tsara yadda zan dubi Yaya. Kuma ta yi min shaida tsaf: ita na ce wa, kayanta ne, ita ce ta gajiyar da ni. Na gyara zama, har na fara murmushi. Sai Yaya ya ce ko tana da ƙari. Ta ce, “Ƙari kam akwai. Wayar mutumin nan ƙara gare ta kamar rediyo, duk abin da baiwar Allah ta faɗa a kunnena ta faɗe shi. Cewa ta yi: Baban 'yata, na haƙura da tekun, ba sai mun je ba. Ka dai gaya min, har yanzu kana so na a gidan nan?” Ta juyo ta dube ni ta ce, “Ni da na zo sayen tukunya na ji, har na ji kunyar zuge jakata. Kai da wayar ke manne da kunnenka, ina ka tafi?”

Yaya ya kawar da kai. Da ya zage ni da ya fi. Na ga ƙafarki a ƙasan labule, na ga lokacin da ta juya ta koma ciki.

Na kawo shaida don a san ba da ke nake ba, shaidar kuwa ta tabbata. Ba da ke nake ba. Kin tattara ƙarfin hali kin yi tambayar da mace ba ta yi sai ta kai bango, ni kuma ina can ina kallon jakar wata. Da ma da gangan na faɗa, da aƙalla na ji ki.

Auta ta raka ni bakin ƙofa, ta ce tun farko ba ruwan tekun kike so ba, wata mai kawo miki ɗinki ce ta ce a irin wuraren nan waya ba ta kamawa. Na tuna abin da na tsaya na tabbatar a otal, na rasa inda zan sa fuskata.

Mai Tikiti ya kira da safe, na ce ya ba wa masu so. Idan wata rana kin so zuwa, ke za ki zaɓi wurin, in bi ki.

Saura amsarki. Na rubuta ta na yaga, na sake na yaga, don duk kalmar da na ɗauko sai in tuna na taɓa sayar da wani abu da ita. Babu irinki, na faɗa a kan kula. Har abada, na faɗa a kan injin nan da ya ƙone. Bakina ya cinye kalmomi masu kyau a kan kwano, bai rage miki ko ɗaya sabuwa ba. Don haka ga ta ba ado: e. Ina son ki a gidan nan. Ina son ƙarar kekenki, ina son faɗan da kike yi idan na shigo da takalmi.

Gobe ba zan buɗe shago ba. Zan ba Mai Agogo ajiyar wayata, in zo in zauna a kan bencin barandar Yaya, idan ya bari. Ba zan aika a kira ki ba, ba zan kawo komai a hannu ba, kuma ba ni zan fara magana ba, ko da za a kai magariba. Idan kin ga dama ki fito ki sake tambayar, ko ki zage ni, ko ki ba ni labarin yadda zare ya yi tsada. Duk wanda kika zaɓa, daga farkonsa zan ji.

Ki gaishe da Yaya. Allah ya ƙara miki lafiya.

Mijinki, idan har yanzu kin yarda,
Mai Kwanuka