Inna Ta Koma Ginin Randa

Bungudu, Jihar Zamfara.

Zuwa ga yayana Lukuman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Hajara da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Fatakwal. Mu nan kowa lafiya, an gama girbi, gero ya yi albarka.

Yaya, godiya ce ta sa na zauna rubuto maka. Ka tuna da Sallah da ka ɗura ruwan jarkokinmu a kwalabe, muna ta yi maka dariya wai ɗan boko zai koma da tsarabar ruwa? To, hoton da ka turo daga wurin aikinku na awon ruwa ya rufe mana baki. Na nuna wa matan unguwa hoton, suka ga ɓarɓashin robar da na'urarku ta gano a ruwan namu, wanda ido ba ya gani. Na gaya musu yadda ka ce, jarka in ta tsufa a rana sai ta riƙa marmashewa cikin ruwa, kuma masana na kan binciken illarsa, hukuma ma ba ta gama tsai da ƙa'ida ba. Ban tsorata kowa ba, amma Lami maƙwabciyarmu a ranar ta fitar da tata jarkar.

Kai ma ka ga yadda Inna ta koma tun da aka daina sayen randunanta. Kullum tana kan tabarma, abinci sai an lallaɓa ta, tana cewa zamaninta ya wuce. Na ɓoye maka, amma wallahi na fara tsoron mu rasa ta a zaune. Sai ga mata suna ta sallama, kowa randa take nema. Da farko Inna ta ce ba'a suke yi mata. Da suka ƙi daina zuwa, ita da kanta ta ja ni fadama ɗibar yumɓu, tana gaba ina baya ina haki. Jiya aka gasa na farko, biyu sun tsage, ta yi ta faɗa wai ni na cika wuta. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na jiya ba, har na koma ɗaki na yi hawaye. Allah ya saka maka da alheri, ya yi wa aikinka albarka.

Ka gaishe da Anti Hajara da Khalid da Ummi. Baba Jibo na Tsafe yana gaishe ka. Inna ma tana gaisuwa, ta ce kada ka ƙara kiranta da hantsi, lokacin tana bakin aiki.

Ƙanwarka,
Sa'adiya