Kwalbar da Ta Ƙi Tafasa a Hannuna

Ya ke Bara'atu ɗiyar Malam Junaidu, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ruwan farko mai sa ƙasa ƙamshi, farar balbelar fadamar Kwalkwalawa, hasken idona! Gaisuwa mai yawa daga Ladan, wanda kika kora daga ƙofar gidanku saboda kwalba. Kwalba fa, Bara'atu! Da mutum ne ya haɗa mu, da na san inda zan kai ƙara.

Kin tuna yammacin nan da ruwa ya ɗauke, gari ya yi luf? Yayanki Hayatu ya dawo daga Kano, inda jirgin ƙasan Nasara ke zubo kaya iri-iri, ya kawo miki tsaraba: kwalba mai ciki biyu kamar ƙwan zabo, siririn wuya murɗaɗɗe ya haɗa su, jan ruwa kwance a na ƙasa, ba baki, ba murfi. Mai kantin ya gaya masa wai ma'aunin so ce, duk wanda ya riƙe ta da so a ransa sai ruwan ya hau sama ya tafasa. Kika miƙo mini ita kina murmushin nan naki mai sa in manta sunana, ƙawarki Atika na kallo. Na riƙe. Na damƙe. Na yi addu'a a zuci. Ruwan nan ko gezau! Kika fizge ta, idonki ya kawo ruwa, kika ce in hana baffannina zuwa neman aurenki ranar Juma'a. Wayyo ni, tun daga ranar tuwo bai yi mini daɗi ba.

To kin san halina, ba na iya barin abu ban ga cikinsa ba. Na roƙi Hayatu ya ara mini ita, na naɗe ta a auduga, na shiga gari da ita ina tambaya. Me ke cikinta? Ta ina aka zuba shi? Wa ya koya wa ruwa sanin zuciyar ɗan Adam?

Na'Allah mai magani ya leƙa ta daga nesa, ya yi a'uziyya, ya ce aljani ne aka toshe a ciki, ko taɓa ta bai yi ba. Jibrin mahauci ya ce jini ne, amma da na tuna masa cewa jini ba ya kwana bai daskare ba, sai ya sosa ƙeya. Maƙerin unguwarmu, mutumin da ko gaisuwa da faɗa yake amsawa, yana ɗora ta a tafinsa sai ruwan ya ruga sama yana ɓul-ɓul. Shi kuma wa yake so? Gwaggo Tani, wadda haƙori ɗaya bai rage a bakinta ba, ta riƙe, ruwan ya tafasa, ta yi ta guɗa wai ashe har yanzu da sauranta.

Nan fa abin ya fara ba ni mamaki. Na sa ta a kunnen jakinmu, ta tafasa. Na jingina ta da kwanon kunu, ta tafasa har na ji tsoron za ta fashe. Bara'atu, don Allah gaya mini, kunu wa yake bege? Da ruwan ya hau, na riƙe cikin na sama, sai ya gudu ƙasa. Na ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kanta, ba wanda ya taɓa ta, ruwan ya hau abinsa. Daga ƙarshe na kai ta wurin wani tsohon Balarabe mai sayar da turare a kasuwa. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce tsohon abin wasa ne na mutanen ƙetaren teku, tun yana yaro a Tarabulus yake ganinsa, kuma ruwan ɗan'uwan ruwan turare ne mai saurin tashi, ɗumi kaɗan ke korar shi sama. Ɗumin hannu take ji, ba ruwanta da zuciya.

Sai na zauna ina kallon hannuwana. Ya ke sanyin idona, kin san sana'ata jima ce. Tun safe ina cikin fatun jajayen awaki, da toka, da ruwan bagaruwa, kuma warin nan ba ya barin mutum da daɗin rai. Duk ranar da zan zo wurinki, sai in tsuguna gaban randa da sabulun salo da lemun tsami, in cuɗa, in ɗauraye, in shinshina, in sake, har yatsuna su yi yaushi. Ranar nan ma da na iso zaurenku, na roƙi ruwan randarku na ƙara wankewa, don kada hancin da ya saba da turaren wuta ya ji abin da zai sa ki kau da kai. Da wannan hannun mai sanyi ƙalau na karɓi kwalbar. Ashe son da nake miki ne ya sanyaya hannun da kika kama da laifin rashin so!

Da na gane haka na yi tsalle kamar yaro. Amma murnar ba ta kai ni ƙofar gida ba, sai wani abu ya soke ni. Akwai abin da na gani ranar, wanda ke ba ki lura da shi ba. Lokacin da kika fizge kwalbar kina fushi, ruwan ya haura sama a hannunki, ya yi ta tafasa, ja wur, har kika shige gida. Wannan na riƙe a raina duk kwanakin nan. Ina cewa, ko ni na faɗi gwajin, ai ita tana sona. Yanzu ga shi da bin diddigina na wanke kaina, kuma da hannuna na rushe shaida ɗaya tak da nake da ita a kanki. Ashe abin da kwanon kunu ya iya ne na yi ta rarrashin zuciyata da shi. Ina zan sa kaina?

Ga kwalbar nan na ba Gwaggo Tani ta dawo miki da ita tare da takardar nan, ko tsagewa ba ta yi ba. Ki gwada ta da kanki a jikin tukunya, kada ki yarda da maganata kawai. Ban hana baffannina ba tukuna, goronsu na nan a ɗaure. Gobe bayan la'asar zan tsaya a ƙofar gidanku, daga majema kai tsaye, hannuna da warinsa da ɗuminsa, yadda Allah ya yi ni. Ni ba zan sake tambayar kwalba ba. Ke zan tambaya, kuma da bakinki nake son in ji.

Naki ne, ko kin fito ko ba ki fito ba, har ranar da hannun nan zai yi sanyin da ba randa ce ta sa shi ba.

Ladan majemi, Sakkwato