Filon da Yaya Ta Ɗinka wa Baba

Auta,

Assalamu alaikum. Ya aikin asibiti? Muna lafiya, sai dai Baba.

Murar watan jiya ta dawo masa. Ta tafi, amma ta bar masa tari. Abin mamaki, da rana garau yake. Yana sa haƙarƙari a katifa, sai tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Wai wane irin ciwo ne wannan da ya san lokaci? Ko don mai gyaran agogo ya kama?

Dariya nake, amma wallahi tsoro nake ji. Ya ce irin tarin Mama ne, Allah Ya jiƙanta. Shekaranjiya ya rufe shago, ya ɗauki madubin nan da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo, wanda ko taɓawa ba ya bari mu yi, ya ba maƙwabcinsa mai gyaran rediyo. Wai shi ya gama.

Ki ba ni amsa da wuri.

Yayarki

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya.

Ba lokaci ciwon ya sani ba, kwanciya ya sani. Mura kan mura takan bar maƙogwaro da hanyar numfashi kamar sabon gyambo, abu kaɗan ke tayar da su, wani lokaci har makonni. In mutum ya kwanta kuma, majina ta riƙa gangarowa maƙogwaro ke nan.

Yana zazzaɓi? Ya rame? Akwai jini? Ko babu, ki kai shi a gwada majinarsa, a yi hoton ƙirji, don hankalin kowa ya kwanta. Ki ba shi zuma a ruwan ɗumi, ki hana hayaƙi a ɗakin, ki ɗaga masa kai idan zai kwanta.

Ki gaishe shi. Na gode da ɗawainiya.

Auta

*

Malama likita,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Gwaji ya fito lafiya lau, ba zazzaɓi, ba jini. Amma tun da na bi shawararki abin ya ninka! Jiya ba wanda ya runtsa. Baba ya ce na'urar ce ba ta gani, har ya fara neman gafarar mutane.

Kuma kada ki ce ban ɗaga kan ba. Filo uku na ɗinka masa da hannuna, manya-manya. Ina tela zan je sayen filo? Ƙyallayen shagona na share tas, har na ƙarƙashin keke da na bayan kabad, na ɗura su dam. To ina kuskurena?

Yayarki

*

Yaya ta kaina,

Barka da ƙoƙari. Na karanta takardarki sau uku ina neman abin da ya canza, sai a na ukun na gani. Haba Yaya! Sharar shago? Ƙurar shekara nawa ce a bayan kabad ɗin nan, ga burbushin zare, ga allin zanen yadi? Ita kika tura wa Baba ƙarƙashin hanci har asuba.

Na yi dariya, sannan na yi kuka, don na san ƙauna ce ta sa ki. Ki fitar da su yau ɗin nan. Ki sa bulo ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin ƙafafun gadon na wajen kai, ki wanke zanen gado. In bai ragu cikin mako biyu ba, zan zo da kaina.

Ƙanwarki

*

Autata,

Bayan gaisuwa. Yau kwana biyar ina barci har sai an tashe ni. Yayarki tana jin kunyar haɗa ido da ni, na ce mata ɗinkin dai ya yi kyau.

Da safe na je wurin mai rediyo na karɓo madubina. Ya ce ai kyauta na ba shi. Na ce aro ne, tari ne ya hana shi jin ƙarshen maganar.

Allah Ya yi muku albarka.

Babanku